Abin da muka tattauna a Agege kan kai ƙara idan an nuna maka bambanci

Jiya bayan isha'i aka ɗan yi musu a majalisarmu, wai shin hukumomin kare haƙƙi suna kallon kowa daidai ko sai mai uwa a gindin murhu. Wasu sun ce ɗan Arewa a Legas ko ya kai kuka ba a ji, wani dattijo ya ce a'a, mu ne ba ma rubutawa, sai surutu a bakin shayi.

Shawarar da ta fi yawa: a san doka tukuna. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana wariya saboda ƙabila ko addini, sashe na 38 kuma ya ce ba za a tilasta wa yaro darasin addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su yarda ba, wannan iyaye da yawa ba su sani ba wallahi. An tuno maganar hijabi a makarantun Legas, tun 2013 ake shari'a sai 2022 Kotun Ƙoli ta ba ɗalibai gaskiya.

In abu ya faru, rubuta rana da sunan wanda ya yi, ajiye takarda ko saƙon WhatsApp, a je Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a ƙungiyance, kar mutum ɗaya ya tafi.