Yadda za a haƙo tarihin Toledo Troopers: shawarwarin da suka fito

A zaman da muka yi kan tarihin Toledo Troopers, ƙungiyar matan da ta buga ƙwallon Amurka mai hular kwano a birnin Toledo na jihar Ohayo daga 1971 zuwa 1979, shawarar da ta fi rinjaye ita ce a fara da 'yan wasan kansu tun suna raye. Ni ma nan na tsaya. Yawancinsu ma'aikata ne da matan aure; sai an tashi aiki ake zuwa atisaye, kuɗin wasa kuwa bai taka kara ya karya ba. Wata ta ce a tambaye su wa ke riƙe musu yara lokacin atisaye, da yadda suka yi fama da hular kwano da sulken kafaɗa da aka ƙera don jikin maza. Irin wannan ba ya cikin jadawalin sakamako.

Sai tsofaffin jaridu, musamman Toledo Blade. An ja kunne a riƙa gwada su da na garin abokan karawa, don alƙaluma kan saɓa.

Wani ya gargaɗe mu kada hasken Linda Jefferson, gwanar gudu da ƙwallo, da na koci Bill Stout ya rufe masu tare gaba, waɗanda ke buɗe mata hanya. A kuma nemi matan ƙungiyar Oklahoma City Dolls, da suka fara doke Troopers a 1976, a ji ta bakinsu.