Alkalan wasan NFL: a yarda da su ko kuwa?

Abin da na tattaro daga muhawarar da aka tafka kan ko alkalan wasan NFL, wato babbar gasar kwallon kafa irin ta Amurka, suna adalci, yawancin mutane sun ce kuskure akwai shi sosai, amma cewa wai an rubuta sakamako tun kafin a fara wasa, wannan babu hujja. Kowa ya kawo maganar wasan kungiyoyin Saints da Rams na Janairun 2019, dan bayan Rams ya banke mai jiran kwallo tun kafin ta iso hannunsa, alkalai bakwai a fili babu wanda ya jefa tutar nuna an yi laifi, daga baya ita kanta NFL ta amsa an yi kuskure. Wallahi har yau abin na min ciwo.

Shawarar da ta fi yawa ita ce kar ka yanke hukunci da guntun bidiyon sakan biyar, kalli wasan gaba daya ka kirga har laifukan da aka yafe wa kungiyarka. Wasu kuma caca ce damuwarsu, tunda kotun kolin Amurka ta bude kofar caca kan wasanni a 2018, nan kam ina tare da su, su ma alkalai a sa musu ido kamar yadda aka dakatar da dan wasa Calvin Ridley kakar 2022 gaba daya saboda caca.