Matasa na shiga ƙungiyarmu amma ba sa daɗewa, ina gyaran yake?

Sakataren Reshe ya rubuta:

Sallama gare ku 'yan'uwa. Ni ne sakataren reshenmu na wata tsohuwar ƙungiyar 'yan'uwantaka, irin mai rantsuwar shiga da matakan girma da asusun taimakon mara lafiya da iyalan mamaci. Rajista a hannuna take, don haka na fi kowa ganin inda abin ya dosa. Samun matasa bai gagare mu ba. Suna zuwa, a rantsar da su, su halarci zama kaɗan, daga nan sai ɗif. Ba faɗa, ba sallama. Sai lokacin biyan kuɗin shekara ya yi mu ga ba su sabunta ba. Yanzu jana'izar dattawanmu ta fi bikin rantsarwa yawa.

Ga yadda zamanmu yake, don ku yi mana adalci. A buɗe bisa ƙa'ida, in karanta bayanin zaman baya tiryan-tiryan, ma'aji ya karanto kuɗin wuta da na gyaran rufi, dattawa biyu su yi musu a kan ko a sake fentin zaure bana ko a bari sai baɗi, a rufe. Saurayin da ya taso daga aiki a gajiye yana can kujerar baya, ba wanda ya tambaye shi ko sunan ɗansa.

Shugabanmu ya ce a buɗe shafi a Facebook a kuma rage kuɗin shiga. Ni a ganina wannan ɗibar ruwa da kwando ce, don a ƙara yawan masu shigowa ne, alhali wajen riƙe su muke zubarwa. Wa ya taɓa gwada wani abu ya ga amfaninsa?

Mai Bin Tarihi ya amsa:

Malam Sakatare, ba ku kaɗai ba ne. 'Yan Freemason, wata ƙungiyar 'yan'uwantaka irin taku, sun haura miliyan 4 a Amurka a 1959, yau ba su kai kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi ba. Takwarorinta, ƙungiyoyin Elks da Odd Fellows, duk haka labarin yake.

Dalilin da ya tara kakanninmu a irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne ya kau. Dubi Odd Fellows, wadda Thomas Wildey ya kafa reshenta a Baltimore a 1819. Umarninta ga ɗan ƙungiya huɗu ne: ya dubo mara lafiya, ya agaza wa mai cikin ƙunci, ya binne mamaci, ya ilimantar da maraya. Knights of Columbus ma, da Fada Michael McGivney ya kafa ta a New Haven a 1882, damuwarsa ita ce matar da mijinta ya mutu ya bar ta da yara ba ko sisi. Wato leburan wancan zamani inshora yake saye da kuɗin ƙungiya, zumuncin ƙari ne. Da Ingila ta yi dokar inshorar ƙasa a 1911, Amurka ta kawo nata tsarin fansho a 1935, sai gwamnati da kamfanoni suka karɓe wannan aiki. Ku kun riƙe tsarin taron da aka gina don gudanar da asusu, ga shi asusun ba shi ne ke kawo mutane ba yanzu.

An gwada dabaru. Elks ta fara karɓar mata a 1995. Babbar majalisar Freemason ta Ingila ta fito da shirin jawo ɗaliban jami'a a 2005. Knights of Columbus kuwa a 2020 ta haɗe bukukuwan matakanta uku na farko ta mai da su ɗaya, gajere, har iyali na iya zuwa kallo. Amma ka lura, yawancin wannan gyaran ƙofar shiga ne, kamar dai shawarar shugabanku.

Wanda Ya Taɓa Shiga ya amsa:

Yallaɓai, ni irin waɗanda kake magana a kansu ne, bari in faɗa maka daga bakin mai ita. Rantsarwar da aka yi min ta ratsa ni ƙwarai. Tsohon lafazin nan da tsayuwar da natsuwar, su na zo nema, don ba a samun su a waya. Kada ku taɓa su.

Abin da ya fitar da ni daban ne. Na ce zan iya mai da lissafin reshe cikin kwamfuta, aikina ke nan kullum, aka ce in bari sai na gama sanin gida. Na kawo shawarar a matsa lokacin zama saboda masu ƙananan yara, aka ce haka aka gada. Muƙami kuwa layi ne, daga wannan kujera zuwa waccan, sai ka shekara da shekaru kafin maganarka ta yi nauyi. Aikin da aka ba ni shi ne tattara kofuna. Da na daina zuwa, saƙon farko da na samu na tunin bashin kuɗin shekara ne.

Tsohon Shugaba ya amsa:

Ɗana, an yi maka ba daidai ba, wannan babu ja. Amma ban yarda a rushe layin muƙami ba. Na ga reshen da ya ɗora sabon shiga a kujerar shugaba don a faranta masa rai, bai iya lafazin buɗe zama ba, bai san waɗanne iyalai ke karɓar taimako a asirce ba, ya gaji ya gudu. Kujera daban, aiki daban. A ba yaro aiki na gaske tun watan farko, da kuɗin kashewa da ikon yanke shawara, kujera ta jira lokacinta.

Sakatare, abin da muka yi a namu reshen ke nan. Wanda ya gabatar da sabon ɗan ƙungiya, shi zai riƙa ɗauko shi zuwa zama, in bai zo ba shi za a tambaya. Dubiyar marasa lafiya kuma muka daina tura dattawa su kaɗai, sai babba ɗaya da yaro ɗaya. A hanyar asibitin nan ake sabawa, ba a zaure ba. Kuma kada ku rantsar da saurayi shi kaɗai in kuna iya jira a samu biyu ko uku, don wanda ke da tsaransa a wuri ya fi wuyar tafiya.

Sakataren Reshe ya sake rubutawa:

Na gode muku duka. Bayanin zaman baya dai a ikona yake, daga wata mai zuwa zan riƙa tura shi ta waya kafin zama, a amince da shi a taƙaice. Waɗanda suka daina zuwa kuma zan kira su da kaina, ba maganar kuɗi.

Baba Tsohon Shugaba, saura tambaya ɗaya. Tsarin mulkinmu ya ce ba a taɓa kuɗin reshe sai da sa hannun ma'aji da amincewar zama. Ku ta yaya kuka ware wa matasan kuɗin aiki, gyara dokar kuka yi ko kasafi kuka yanke musu tun farkon shekara? Ma'ajinmu mutumin kirki ne, amma a kan wannan batu sai na je masa da hujja.