Daga gona sai tukunya: wane suna za mu ba farm-to-table?

Jama'a, tun jiya muke ja-in-ja a kan farm-to-table, wato tsarin ciyar da baƙi da abin da gonar wurin ta fitar, kamar yadda ake yi a masaukan hutu na karkara. Ga inda na tsaya.

"Daga gona zuwa tebur" da aka fara kawowa bai gamsar da ni ba, don "zuwa" ba ta hana yada zango a hanya. Tumatirin da ya kwana a motar dillali, ya yi mako a ɗakin sanyi, ai shi ma daga gona ya zo tebur. Na fi son "daga gona sai tukunya". Wannan "sai" ɗin ta kori dillali.

Malam, na ga gyaranka cewa ganyen da ake ci ɗanye ba ya shiga tukunya. Haka ne, Allah ya ƙara sani. Amma in an ce an ɗora tukunya, kowa ya san girki ake nufi.

Kuma a irin wannan wuri tukunya ce ke bin gona. Mai girki ba ya tsara abinci sannan ya aika kasuwa. Da sassafe yake zagaya lambu, ya ga abin da ya nuna, shi za a ci ranar. Da girka abin da gonakin yankin suka fitar a lokacinsa Alice Waters ta yi suna a Chez Panisse, gidan abincin da ta buɗe a Berkeley ta Kalifoniya a 1971. Tunda tukunya ce ke bin gona, a irin waɗannan masaukai mai tsara ginin kan sa madafa dab da lambu, ramin taki a bayanta don ɓawo da ragowar abinci su koma ƙasa, ruwan wanka kuma a tace shi a yi ban-ruwa. Ko yawan ɗakunan kwana, gonar ce ke yanke shi.

Sai sunan wurin kansa. Hajiya, kin kawo "gidan gona", amma sunan nan yana da mai shi, kuma ba kowane gidan gona ke saukar baƙi ba. A Italiya, inda ake kiransa agriturismo, an yi masa doka tun 1985, da sharaɗin noma ya ci gaba da zama babban aiki, saukar baƙi ta biyo baya. "Masaukin gona" ya ɗauki wannan ma'anar. Otal ɗin da ya ja kunya biyu a gefen wurin ajiye motoci kada ya zo yana neman sunan.

Sustainable kuwa, "mai ɗorewa" ta riga ta zauna a bakin mutane, a bar ta haka.