Burtsatse a yankin Dukku: me ya sa mita 60 ba ta isa?

Ɗan Dukku:
Assalamu alaikum. Ƙungiyar unguwarmu a yankin Dukku, jihar Gombe, na son haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da sola, muna buƙatar kamar lita 20,000 a rana. Wani mai haƙa ya ce mita 60 ta isa, haka yake yi a cikin garin Bauchi. Wani kuma ya ce ƙasa da mita 180 asarar kuɗi ce. Tazarar farashin tana da yawa. Masana, wa za mu bi, kuma me za mu sa ido a kai lokacin aikin?

Masanin duwatsu, Bauchi:
Wa alaikumus salam. Malam, kowannensu ya faɗi gaskiyar ƙasar da ya saba da ita, amma na biyun ne ya san taku.

Garin Bauchi kan tsohon dutse mai tauri yake zaune, irin wanda ake gani a tsaunukan da suka kewaye shi. Shi kansa dutsen ba ya riƙe ruwa. Ruwan yana cikin ruɓaɓɓen ɓangarensa na sama, wanda kaurinsa kan kai mita 10 zuwa 30, da kuma cikin tsagogin da ke ƙarƙashi. Shi ya sa ake samun ruwa a mita 40 ko 60, kodayake sau da yawa ba shi da ƙarfi. In an wuce tsagogin an shiga lafiyayyen dutse, ƙara zurfi ba ya ƙara komai sai kuɗin dizal.

Dukku, da Kwami, da wani ɓangare na Akko, har zuwa Darazo da Alkaleri, suna kan shimfiɗar da masana ke kira Kerri-Kerri: yashi ne da tsakuwa da farin yumɓu waɗanda ba su gama ƙanƙarewa ba. Ruwan sama na zurarewa cikinsa ya yi ƙasa sosai, don haka a kan tudu sai a wuce mita 100 ba a taɓa ruwa ba. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ɗan ruwan da ke taruwa kan wani faifan yumɓu a sama-sama. Mai haƙa ya same shi a mita 50 cikin Satumba, a yi murna a biya shi, Maris na zuwa rijiya ta ƙafe.

Ku sa a yi awon ƙasa da na'urar lantarki, wadda ake kafa wa turakun ƙarfe a jere a ƙasa, a haɗa su da waya. Amma ku duba tsawon wayar: in tazarar da ke tsakanin tsakiyar jerin da kowane turken da ke ƙarshe ba ta wuce mita 100 ba, abin da na'urar ta gani bai fi mita 40 zuwa 50 ba. Don hango mita 200 sai an ja waya mita 500 ko fiye a kowane gefe. Busasshen yashi kuma ba ya karɓar lantarki da sauƙi, sai an jiƙa gindin turakun da ruwan gishiri. A takardar sakamako, abin da ya gaza om-mita 20 (ma'aunin yadda ƙasa ke tare lantarki ke nan) galibi yumɓu ne, wanda ya kai ɗaruruwa masu yawa ko dubu busasshen yashi ne, abin nema yana tsakani.

Injiniyan haƙa, Gombe:
Masanin duwatsu ya yi bayani, sai dai ni ba zan ɗora wa awon lantarki nauyi da yawa a Kerri-Kerri ba. A Bauchi tsaga ake nema, ka matsa mita 20 ka rasa ta, don haka awon shi ne komai. A nan ruwan shimfiɗe yake, tambayar ita ce zurfinsa, kuma rijiyoyin makwabta sun fi kowace na'ura sanin amsar. Ku nemi bayanan rijiyoyi biyu ko uku mafi kusa da ku, a RUWASSA, hukumar samar da ruwa a karkara ta jiha, ko wajen waɗanda suka haƙa su: zurfi, inda ruwa yake tsayawa da rani, da inda aka rataye famfo.

Sannan ku tambayi kowane mai haƙa da wace irin mota zai zo. Mai kwamfuresa da guduma aikin dutse ya iya. In ya shiga sakwarkwataccen yashi ramin zai riƙa ruftawa a bayansa, har ya danne ƙarafan. Naku aikin na haƙa da laka ne, ana kaɗa bentonayit, wani irin yumɓu mai kumbura, a ruwa don lakar ta dafe bangon ramin. Matsalar da aka fi fama da ita a wannan yanki ita ce shanyewar laka: busasshen yashi ya zuƙe ta, ta daina dawowa sama. Saboda haka a tanadi tankar ruwa a gefe kafin a fara, a kuma rubuta a yarjejeniya wanda zai biya kuɗin ruwan, don nan ake yawan rigima.

Lokacin haƙa a ɗebi samfurin ƙasa duk bayan mita 3, a jera a ƙasa da lamba. Da shi za a san inda za a sa bututu mai tsaga-tsaga, wato daidai yashi mai gwari da ke cikin ruwa, ba daidai yumɓu ba. Bayan an taɓa ruwa a ƙara aƙalla mita 30 zuwa 40 a cikinsa. Rami ya zama inci 10, kesin, wato bututun da ake zurawa ya tare bangon rami, inci 5, kuma mai kauri. Siririn kesin da ake sa wa rijiyar mita 40 lotsewa yake yi a wannan zurfi. Faɗin tsagar bututun ya kasance milimita 0.5 zuwa 1, tsakuwar da za a zuba kewaye da kesin kuma wankakkiya mai milimita 2 zuwa 4, ko ƙasa da haka in yashin mai laushi ne.

Ga hanyar kama ha'inci: tsakanin rami mai inci 10 da kesin inci 5, kowace mita na cin tsakuwa wajen lita 35. Mita 100 ke nan sai kubik mita uku da rabi. Wanda ya zuba baro biyar ya ce ya cika, to tsakuwar ta maƙale a hanya ne, kuma famfonku yashi zai riƙa sha har ya ƙone. A toshe mita 5 na sama da siminti, a wanke rijiyar da iska har ruwa ya fito garau, ba awa ɗaya a naɗe kaya ba.

Ɗan Dukku:
Allah ya saka da alheri, Injiniya. To famfon fa? An ce mana sumo, wato famfon da ake nutsarwa cikin rijiya, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi zai yi.

Mai gwajin ruwa, Tudun Wada:
Kada ku sayi famfo kafin gwajin zuƙa, Malam. A zuƙi ruwa awa 24 ba tsayawa, ana auna saukarsa, sannan a kashe a auna dawowarsa. In ya yiwu a yi shi a Maris ko Afrilu.

Lissafin kuwa ga shi. Sola na ba da kamar awa 6 na aiki sosai, don haka lita 20,000 na nufin lita 3,300 a awa. A ɗauka ruwa na tsayawa a mita 130 lokacin zuƙa, a ƙara tsayin tanki mita 10 da gogayyar bututu mita 10, ya zama 150. Ɗaga wannan ruwa haka na buƙatar kusan kilowat 1.4, famfo kuma kusan rabin wutar da ya ci yake mayarwa aiki. Kun ga sai mai kilowat 3, wato doki huɗu, da faifan sola na wajen kilowat 4. Doki ɗaya da rabi zai kawo ruwa, amma ko rabin buƙatarku ba zai kai ba. Famfon tuƙa-tuƙa na yau da kullum kuwa iyakarsa mita 45 zuwa 50, kada ma a kawo zancensa. A rataye sumon sama da bututu mai tsaga, da na'urar kashe shi in ruwa ya janye.

Ku kai samfurin ruwa ɗakin gwaji kafin a fara sha. Fulorayid kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. Yawansa ne ke rina haƙoran yara a yankin Kaltungo, kuma ba a gane shi da ɗanɗano. Naitiret kada ya wuce 50, sinadarin ƙarfe 0.3. In pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya gaza 6.5 ruwan zai ci bututun ƙarfe, sai ku sa na roba mai kauri ko baƙin ƙarfe marar tsatsa. Masai da sokawe su yi nesa da bakin rijiyar da aƙalla mita 30, kuma su kasance ta gangare.