Chablis da Meursault: inabi ɗaya ne, me ya raba su?

Sabon Sabis:
Salamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan ina aikin kai abinci a wani gidan cin abinci a Dijon, ƙasar Faransa, kuma jiya na sha kunya. Wani dattijo ya nemi Chablis Premier Cru, wato farar giyar inabi ta garin Chablis mai daraja ta biyu daga sama, ni kuwa don in burge shi na nutsa kwalbar cikin bokitin ƙanƙara har ta yi gumi. Ya kurɓa, ya ajiye kofin, ya ce na kashe masa giya. Bai gama ba sai matarsa ta tambaye ni bambancin giyar da ta garin Meursault, tun da duka daga inabin Chardonnay ake yin su. Na yi tsuru-tsuru. Ni ba na sha, to ta yaya zan bayyana abin da ban taɓa ɗanɗanawa ba? Hatta sunan ma sai kwanan nan na gane "Shabli" ake cewa.

Ɗan Girbi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Dattijon yana da gaskiya, sanyi in ya yi yawa rufe ƙamshi yake. Digiri 10 zuwa 12 ya ishe ta.

Na yi kaka biyu ina yankan inabi a Chablis, kuma abin da ba zan manta ba ƙasar ce. Ka sunkuya tsakanin layuka ka ɗauki ɗan farin dutse, sai ka ga ɓawon ƙananan kawa a manne a jikinsa, don a da can teku ne a wurin. Ga shi yankin yana arewacin Burgundi, yankin da garuruwan biyu suke, sanyi ya fi yawa, inabin ba ya yin zaƙi sosai, tsaminsa yana nan daram. A watan Afrilun 2021 manoma sun kwana suna kunna manyan kyandirori a gonaki don kada sanyi ya ƙone tohon. Yawancin masu yin giyar a tankin ƙarfe suke ajiye ta, shi ya sa take fitowa garau, da ƙamshin lemon tsami, ɗanyen tuffa da jiƙaƙƙen dutse.

Meursault kuwa can kudu take, kusa da Beaune. A gangar katako mai lita 228 ake renon ta, wasu har suna motsa gutsin yistin da ya kwanta a ƙasan gangar. Daga nan take samun kauri da ƙamshin man shanu da gasasshiyar gyaɗar turawa. Ka riƙe wannan kuma, don baƙi suna son gwada mutum da shi: Meursault ba ta da Grand Cru (gona mai daraja ta ɗaya) ko ɗaya, Chablis kuwa tana da irin gonakin guda 7 a gangare guda a bakin kogin Serein, Les Clos ce babbarsu.

Uwar Kicin:
Ɗana, bar batun duwatsu, farantin mutum za ka duba. Ɗanyen kawa, jatan lande, kifin da aka gasa ba miya mai nauyi, cukun akuya: Chablis. Kaza ko kifi cikin miyar kirim da man shanu: Meursault, don Chablis ɓacewa take yi a ƙarƙashin maiƙo. Ni a ganina ɓarnar kuɗi ce a buɗe Grand Cru a kan abinci mai yaji.

Kuma hancinka ya ishe ka. Shekarata 14 a kicin ban taɓa haɗiye ko ɗigo ba. Sa a zuba maka kaɗan-kaɗan a kofi biyu, ka juya, ka sunsuna, bambancin ba ya ɓuya.

Sabon Sabis:
Na gode Yaya, na gode Mama. Yau da rana mai kula da giyar gidanmu ya jera mini kofi biyu, na sunsuna. Man shanun kam na ji shi nan take. Jiƙaƙƙen dutsen ne har yanzu nake nema.