Da 'yan Conservative sun juya wa Blair baya a 2003, da an fasa yaƙin Iraƙi?

Bakatsine:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A ganina ba a Amurka aka kusa taka wa yaƙin Iraƙi birki ba, a Landan ne. Ranar 18 ga Maris 2003, a ƙuri'ar majalisar Birtaniya kan shiga yaƙin, 'yan majalisar Labour 139 suka bijire wa Firayim Minista Tony Blair, shugaban jam'iyyarsu, ministansa Robin Cook ya riga ya ajiye muƙaminsa, jam'iyyar Liberal Democrats ta Charles Kennedy ma ta ce ba da ita ba. Waɗanda suka ceci Blair su ne 'yan adawa, wato Conservative ƙarƙashin Iain Duncan Smith. To da sun bi bayan Kenneth Clarke, jigonsu da ya ƙi yaƙin, sun haɗa kai da 'yan tawayen Labour, ai ƙuri'u sun isa a kada gwamnati. Shin da Bush ya ja da baya?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Malam, Blair dai da ya faɗi, wannan ba musu. Amma Bush? Ina! Mako guda kafin ƙuri'ar sakataren tsaron Amurka Rumsfeld ya faɗa a bainar jama'a cewa Amurka za ta iya shiga ko babu Birtaniya. Kuma izinin majalisar Amurka yana aljihun Bush tun Oktoba 2002: 296 da 133 a ta wakilai, 77 da 23 a ta dattawa.

Uwar Biyu:
Ku duba ƙuri'ar dattawan nan. Lincoln Chafee kaɗai ne ɗan Republican da ya ƙi. Hillary Clinton, Biden da Kerry duk sun amince, ga zaɓe saura 'yan makonni, kowa na tsoron a ce shi rago ne. Da wa za a ƙulla ƙawancen hana yaƙin a can?

Bakatsine:
Hajiya, gaskiyarki a kan Amurka. Ko a 2019 da sanatoci Bernie Sanders da Mike Lee, daga ɓangarori biyu na siyasa, suka haɗu kan janye Amurka daga yaƙin Yaman, ƙudurin ya wuce majalisa, Trump ya hau kujerar na-ƙi, shi ke nan. Amma Malam, ban yarda faɗuwar Blair ba ta canza komai ba. A Agusta 2013 Firayim Minista Cameron ya sha kaye a majalisar Birtaniya 285 da 272 kan kai wa Siriya hari, nan da nan Obama ya ce sai ya tuntuɓi majalisarsa, harin kuma bai auku ba.

Malamin Tarihi:
Obama dama neman hanyar zillewa yake. Bush kuwa sojojinsa sun riga sun cika Kuwait.